Milimita Biyu

Motar da nake hawa ta girmi aurena, ta girmi aikina na jarida. Peugeot 406 ce mai ruwan toka, wadda mahaifina ya saya yana daf da barin aikin gwamnati. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, aka yi mata kuɗi, ta faɗo cikin kasona. A shekarun da na yi da ita na san halinta kamar yadda mutum yake sanin halin tsohon maƙwabci: na san safiyar da za ta yi gardamar tashi, na san tagar da sai an tallafa mata da hannu kafin ta rufu. Abin da ban sani ba shi ne abin da yake faruwa a bayan tayoyinta, sai wata Litinin ta ƙarshen damina.

An kwana ana ruwa, ina kan titin Zariya zan kai 'yata makaranta. Wani mai adaidaita sahu da ke gabana ya hango fasinja, ya tsaya cak ba sigina, kamar dai yadda suka saba. Na taka birki. Abin takawar ya yi ta rawa a ƙarƙashin ƙafata, wata ƙara ta ƙarfe yana gugar ƙarfe ta taso daga gaba, motar kuma ta ci gaba da tafiya fiye da yadda na umarce ta. Da ta tsaya, tsakanina da bayan adaidaitar bai fi kamu ɗaya ba. Mata biyu ne a ciki, ɗaya da goyo. Ba su ma waiwayo ba. 'Yata ta sunkuya ta ɗauko kwanon abincinta da ya faɗi, ta ce, "Abba, motar kuka take yi."

Gaskiyar magana, ta fi mako uku tana wannan kukan, ni kuma ina ƙara muryar rediyo. Hujjata ita ce wata uku kacal da suka wuce na canza takalman birki. Na saye su a wani shago na bakin titi saboda araha, wani yaro ya ɗaura mini cikin minti ashirin, na tafi ina ganin na yi dabara.

Daga makarantar ban wuce ofis ba, na nufi garejin tsohon makaniken mahaifina, wanda tun muna yara muke ce masa Baba. Ya sa yaransa suka ɗaga motar, suka cire tayar gaba, ya tsuguna ya shafa faifan birkin da yatsa. Sai ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Fuskar faifan ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, gefensa kuma ya yi wani tudun baki da farce yake maƙalewa a jiki. Takalmin ɓangaren ciki ya cinye ƙarƙaf, ƙarfen bayansa ne yake gugar faifan. Akwai wata 'yar waya da take kunna fitilar gargaɗi idan takalmi ya kusa ƙarewa. Mun same ta a yanke, an naɗe bakinta da salatif tun wani zamani.

"Ɗana," in ji shi, "takalmin banza ka saya, ka ɗora shi a kan mataccen faifai. Ko na kirki ne ma ba zai daɗe a nan ba."

Ya kamata in tsaya in bayyana abin da ni kaina ban fahimta ba sai ranar. Birki ba ƙarfi yake sa wa mota ba, gudunta yake mayarwa zafi. Faifan, wanda aka zuba da baƙin ƙarfe, yana juyawa tare da taya. Idan ka taka, man birki ya tura takalma biyu su matse shi ta kowane ɓangare, gugar ta haifar da zafi, motar ta rage gudu. Yawan zafin ya ba ni mamaki da na zauna na lissafa. Mota mai nauyin kilo 1,400 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan ta tsaya, zafin da za ta fitar ya isa ya tafasa ruwa sama da lita ɗaya da rabi, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Mafi yawansa faya-fayan gaba ne suke shanye shi, domin nauyin mota gaba yake rinjaya idan an taka birki. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa faifan gaba yake da rami a tsakiyarsa da ƙofofin iska, shi ya sa kuma kaurinsa yake da muhimmanci. Faifai mai kauri yana da jikin da zai haɗiye zafi ya sake shi a hankali. Wanda ya sirance nan da nan yake ɗaukar zafi, ya fara rawa, wani lokaci ya tsage.

Baba ya ɗauko burushin ƙarfe ya goge tsatsar gefen faifan, sai ga wani rubutu da aka buga a jikinsa tun daga masana'anta: MIN TH 24. Ya ce sabon faifan irin wannan kaurinsa milimita 26 ne, kuma wanda ya ƙera shi ya ce idan ya sauka ƙasa da 24 a jefar. Wato duk rayuwar wannan ƙarfe mai nauyin kilo da dama milimita biyu ce, ɗaya ta kowace fuska. Ya auna nawa. Ya haura 22 da kaɗan. Na yi shekaru ina tafiya a kan abin da ya riga ya mutu.

Washegari muka shiga Ƙofar Ruwa, ni da Baba da tsohon faifan a cikin buhu. Wanda bai san wannan kasuwa ba, ya ɗauka cewa an tarwatsa motocin duniya an jera gaɓoɓinsu rumfa-rumfa: nan injina, can ƙofofi, gaba giya, ga fitilu rataye kamar kayan lefe. Tun daga bakin hanya yara masu neman la'ada suka yi mana caa, "Alhaji me ake nema?" A kasuwar kayan mota kowa Alhaji ne matuƙar ana zaton akwai kuɗi a aljihunsa.

Darasi na farko da na koya shi ne sunan mota ba ya isa. Na ce faifan birkin 406 nake so, aka kawo mini guda biyu masu kyan gani, ramukan noti huɗu daidai da nawa. Har na fara ciniki. Baba ya zaro namu daga buhu ya kifa a kan ɗaya, sai ga namu ya fi shi faɗi da kusan yatsa ta kowane gefe. Ashe 406 tana da faifan gaba fiye da iri ɗaya, ya danganta da girman inji da shekarar ƙira: akwai mai faɗin milimita 260, akwai mai 283. Tawa mai 283 ce. Takalmansu ma ba ɗaya ba ne. Haka a baya, wasu na da faifai, wasu ganga. Mota ɗaya a ido, amma an ƙera ta a Faransa daga 1995, an sauya mata fasali a 1999, an kuma harhaɗa ta a Kaduna, sannan dubbai sun shigo ta Kwatano kowace da irin kayanta. Duk wanda zai nemi kayan tsohuwar mota, ya tafi da tsohon kayan a hannu, ko aƙalla da lambar jikin motar da awon da aka yi da ma'auni. "Irinsa ne" ba awo ba ne.

Darasi na biyu ya fi wannan nauyi, domin ya taɓa wata aƙida da na taso da ita. Mu a nan mun yi imani cewa ɗan Beljiyam ya fi sabo. Sunan ya samo asali ne daga cinikin tsofaffin motoci da ake lodi a tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa Afirka ta Yamma, har ya zama sunan duk wani kayan mota na hannu da ya fito daga Turai. Aƙidar kuma ba ta banza ba ce. Motar da ta yi hatsari a Jamus, ko ta kasa tsallake binciken lafiyar mota, ƙofarta da giyarta da abin cajin batirinta suna nan da sauran rai mai yawa, kuma kamfanin da ya ƙera motar ne ya zaɓe su tun farko. Mutanen da suka sha wahalar sabon kaya na jabu ba su yi wauta ba da suka koma wa gwanjo. Ni kaina akwai gaɓoɓi da yawa a motata da Beljiyam ne, kuma ban yi nadama ba.

Amma birki ba ƙofa ba ce. An yi shi ne domin ya cinye. Kowace tsayawa da mai motar farko ya yi a Turai ya ɗebi wani abu daga milimita biyun nan, abin da ya rage shi ake sayar maka. Akwai kuma wani lissafi da ban taɓa yi ba sai da na tsaya a gaban tarin faya-fayan. An daina ƙera 406 a Faransa tun 2004. Saboda haka duk faifan da aka ciro daga irinta a Turai, ko dai ya shekara ashirin yana aiki, ko kuma shi ma canji ne da wani ya ɗaura a can, wanda zai iya zama mai kyau, zai iya zama mafi araha da ya samu. Kalmar "Beljiyam" tana gaya maka hanyar da ƙarfen ya biyo, ba ta gaya maka wanda ya zuba shi ba. Ga kuma gishirin da suke watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, wanda yake cin ƙofofin iskar faifan daga ciki. Mun ɗaga wani muka girgiza, tsatsa ta zubo kamar garin barkono.

Baba ya fito da ma'aunin kauri daga aljihun rigarsa, tare da wasu ƙananan ƙarafa biyu masu faɗi da ya san kaurinsu. Dabarar ita ce, tudun bakin nan da ke gefen tsohon faifai yana yaudarar ma'auni, domin takalmi ba ya kaiwa wurin, kaurinsa na nan kamar sabo. Sai ya ɗora ƙarafan a tsakiyar fuskar, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ya auna gaba ɗaya, ya ɗebe kaurinsu. Mun auna guda tara a rumfuna huɗu. Biyu ne kawai suka haura 24, kuma ba tagwaye ba ne: ɗaya 25, ɗaya 24 da ɗigo kaɗan. Akwai wasu biyu masu ƙyalli kamar faranti, fuska sumul, waɗanda raina ya kwanta da su tun daga nesa. An kai su wurin masu injin sassaƙar ƙarfe an share musu fuska. Wannan aiki ba laifi ba ne, gyara ne da aka sani, muddin abin da ya rage bai sauka ƙasa da lambar da aka buga ba. Waɗannan sun sauka. Mafi kyan gani a cikin tarin su ne mafi sirantaka.

Ban ga alamar masu rumfunan suna nufin cuta ba. Ɗaya daga cikinsu, matashi ne kamata, ya tsaya yana kallon awon da sha'awa, ya ce tunda ya fara sana'ar ba a fi mutum uku da suka zo masa da ma'auni ba. Shi ma da ido ya saya, cikin kwantena, a dunƙule. Mai saye yana ƙwanƙwasa faifai da sifana ya saurari amonsa, ya ɗaga ya ji nauyi, ya tambaya ko Beljiyam ne, shi ke nan. Duk kasuwar, daga mai kawowa har mai ɗaurawa, tana tafiya a kan suna da yarda, alhali amsar tana rubuce a gefen ƙarfen, ƙarƙashin tsatsa.

Muka bar gwanjo muka koma neman sabo a shagunan Sabon Gari. A nan matsalar ta sauya kama. Sabon faifai kaurinsa cikakke ne, amma ba ka san da me aka zuba shi ba. Sabon takalmi ya fi haɗari, domin abin da yake aikin, wato haɗin da aka manna a jikin ƙarfen, ido ba ya bambance mai kyau da marar kyau. Na banza yana iya kama mota lafiya ƙalau a cikin gari, sai ranar da ka taka da ƙarfi sau biyu a jere, ya yi zafi, ya zama santsi. Wani kuma mannin ne yake saki, haɗin ya ɓalle daga ƙarfen gaba ɗaya.

Mai shagon da Baba ya kai ni wurinsa dattijon Ibo ne da ya fi ni iya karin maganar Hausa. Bai ɓata mana lokaci ba. Ya jera kwalaye uku a kan kanta, ya ce, "Maigida, ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku. Duk za su shiga motarka. Kuɗinka ne zai zaɓa." Na uku shi ne irin wanda na saya a bakin titi; na gane kwalin. Na ɗaya ya ninka shi kusan sau huɗu. Na tambaye shi ko na ukun ɗan China ne. Ya yi dariya, ya ce watakila duk ukun daga can suka fito. A nan ma suna ya sake yaudarata. China ba daraja ba ce, wuri ne. Manyan kamfanonin birki na duniya suna da masana'antu a can, haka ma masu yin na jefarwa. Ɗan kasuwa ne yake faɗin farashin da yake so, a yi masa kaya daidai kuɗinsa. Kamfanin mota ma ba shi yake ƙera takalmin birkinsa ba; irin su Bosch da TRW da Ferodo da Brembo ne suke yi wa masu ƙera motoci, su kuma sayar da irinsa a cikin kwalinsu.

Ya nuna mini bayan takalmi na ɗaya. Akwai harafin E a cikin da'ira da wata lamba, sai 90R da wasu lambobi. Wannan shaidar ƙa'idar Turai ce ta kayan birki na canji, wadda ta shardanta cewa aikinsu kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Na ji daɗi na samu abin riƙewa, sai ya kashe mini gwiwa: wanda ya iya buga kwali mai sunan babban kamfani, buga harafi ɗaya ba zai gagare shi ba. Rashin alamar hujja ce ta ƙin saye, amma samunta ba hujjar saye ba ce. Sauran sai a duba tsaftar aiki, ko rubutun ya fito daram, ko gefen haɗin ya zauna daidai a kan ƙarfen, ko akwai wayar gargaɗi a cikin kwalin. Bayan wannan kuma sai mutumin da ke bayan kanta. Baba ya shekara fiye da ashirin yana saye a wurinsa, kuma ya san idan kaya ya ba da matsala akwai inda zai dawo. Abin da na saya ke nan a zahiri, shekara ashirin ɗin Baba.

Kuɗin faifai biyu da takalma huɗu ya kusa kashi ɗaya cikin uku na albashina. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, duk abin da ya ratso teku ya bi ta. Wannan ne ya sa ba na saurin zargin direban haya da ya zaɓi kwali na uku. Mutumin da zai biya kuɗin mai, ya kai wa mai mota balas, ya kai cefane gida, idan aka ce masa ga na dubu kaza ga na ninkinsa huɗu, duk za su shiga, mun san wanda zai ɗauka. Sai dai fasinjojinsa ba a yi shawara da su ba, kamar yadda ban yi shawara da matan cikin adaidaitar nan ba ranar da na yi arahata.

Na gwada neman sauƙi. Na ce tunda ɓangare ɗaya ne ya fi lalacewa, a canza faifai ɗaya yanzu, ɗayan sai ƙarshen wata. Baba ya ƙi. Idan ɗaya ya fi ɗaya kamu, motar za ta fizga gefe a daidai lokacin da kake buƙatar ta tsaya a miƙe. Birki bibbiyu ake canza shi, dama da hagu. Da dare na gaya wa matata adadin. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko ba gara a sayar da motar ba. Tambaya ce mai kyau, kuma ba ranar ta fara yin ta ba. Na ce ko sayarwa za a yi, ba zan miƙa wa wani ita a haka ba. Ta ce to a ɗage ɗinkin labulen da muka shirya.

Ɗaurin ya ɗauki rabin yini, abin da yaron bakin titi ya yi cikin minti ashirin. Baba ya sa aka kankare tsatsar mazaunin faifan har ƙarfe ya fito fes, domin ɗan datti kaɗan a wurin zai sa sabon faifai ya zauna a karkace ya dawo da rawar. Aka wanke man da masana'anta take shafa wa faifai don kada ya yi tsatsa. Aka ciro sandunan da gidan takalmin yake zamewa a kansu, aka tarar ɗaya ya ƙafe, wanda shi ne dalilin da takalmin ciki ya riga ɗan'uwansa ƙarewa. Aka haɗa wayar gargaɗi. Man birkin ma ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, aka zubar aka sa sabo, saboda yana shan danshin iska da daɗewa, kuma mai ruwa a ciki yana saurin tafasa. Kafin in tayar da mota ya ce in taka birki sau da yawa har ya yi tauri, kuma in bi shi a hankali na kwanaki, kada in yi masa takun gaggawa sai dole, har takalmi da faifai su saba da juna.

Ina shirin tafiya na ga yaransa sun ajiye tsofaffin faya-fayan a gefe, inda masu sayen tsohon ƙarfe suke zuwa ɗauka. Baba ya ce a miƙo masa babbar guduma. Ya jingina ɗaya da dutse, ya dake shi sau uku har ya tsage daga gefe zuwa tsakiya. Na tambaye shi dalili, tunda a kilo za a saya ko ya fashe ko bai fashe ba.

"Idan na bar shi lafiya," in ji shi, "wani zai share masa fuska. Mako biyu ka gan shi a rumfa ya zama ɗan Beljiyam."

Ya ɗaga gudumar zai dake na biyun, na ce ya bar mini shi. Yana nan a ofis ƙarƙashin teburina, ina tokare ƙofa da shi idan iska ta taso.